Ƙarangiyar Wandon Baba

Baba ne ya raɗa mata suna ƙarangiya. Ranar da tela ya kawo wandunan, ya durƙusa a gabansa ya nuna masa yadda ake yi: ya haɗa ɓarin nan mai ƙananan ƙayoyi da ɗaya ɓarin mai laushi, suka kama juna, ya ja suka rabu da ƙara kamar an yage ƙyalle. Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, da bakinsa da ya ɗan karkace, shekara arba'in ya yi yana cire ƙarangiya daga ƙafar wandonsa in ya dawo daga bin shanu, yau ga shi an ɗinka masa ita a ƙugu. Tela ya yi dariya, ni ma na yi. Daga ranar ba wanda ya sake kiranta da wani suna a gidanmu.

Kafin ciwon, Baba dillalin shanu ne a kara, can bayan garin Tamale. Abin da aka san shi da shi ɗauri ne. In ya ɗaure bijimi a turke sai dai igiyar ta tsinke, kullin ba ya kwancewa, har makiyaya kan tsaya su kalli yatsunsa. Wata safiya ya sunkuya zai ɗauki buta ya faɗi, muka kwashe shi a yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, zuwa asibiti. Bayan sati uku ya dawo gida hannun dama a sake, ƙafar dama sai ya ja ta. Mutumin da ke ɗaure bijimi ya koma bai iya ɗaure zariyar wandonsa.

Mu biyu ne a gidan, a Moshi Zongo. Innarmu ta riga ta rasu, ni kuma aurena ya mutu na dawo, ina sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida da safe. Yayana, wanda shi kaɗai ne namiji, yana Kumasi da shagonsa na kayan mota, yana kiran waya ranar Juma'a ya tambayi jikin olman. Haka yake kiran Baba tun da ya koma kudu. Saboda haka duk abin da ya kamata ɗa namiji ya yi wa mahaifinsa, a kaina ya sauka, har da wanda bai kamata 'ya mace ta yi ba.

Watannin farko wani tsohon abokinsa da ke maƙwabtaka da mu yakan shigo ya ɗaura masa wando da safe. Amma mutum ba sau ɗaya yake zagawa a yini ba, kuma tsohon yana da nasa gidan. In ba ya nan, ni ce. Sai in durƙusa in kau da kai in lalubi zariyar in ɗaure, Baba kuma ya ɗaga fuska yana kallon rufin ɗaki. Ban lura da wuri ba cewa ya rage shan ruwa. Sai da na ga leɓɓansa sun tsage, na ga kofin da na ajiye masa da safe yana nan cike har la'asar, sannan na gane. Ya gwammace ƙishirwa ta ci shi da ya kira ni. Na zagaya bayan ɗaki na yi kuka mai isata, na wanke fuska na dawo.

Wata mai sayen kokona ce ta ba ni labarin wani tela a Lamashegu da ke yi wa tsofaffi irin wannan gyara. Na kwashi wanduna huɗu da riguna uku na kai masa. Ya zare zariyoyin, ya tsaga ƙugun, ya sa ƙarangiya mai faɗin yatsa uku, a wuyan rigunan kuma ya sa ƙanana maimakon maɓalli. Kwana biyu Baba yana gwadawa a ɗaki da hannun hagu, ƙofa a rufe, ni ina tsakar gida ina jin ƙarar. A rana ta uku ya fito da kansa, sanye da kayansa, ya ɗauki sanda ya ce za shi masallaci. Kafin ya fita ya shanye kofin ruwa biyu a gabana, yana hararata ta gefen ido ya ga ko na lura.

Abin da tela bai gaya mini ba shi ne ƙarangiya na da laulayi. Wankin farko na zuba wandunan a bokiti tare da tawul da hular ulu, na cuɗa yadda na saba. Da suka bushe sai na ga ƙayoyin sun cika da zare da gashin tawul, ta ƙi kamawa sam. Na hau moto, babur ɗin haya, na koma Lamashegu a fusace, na ce masa ya cuce ni da jabun kaya. Ya karɓa ya duba, ya ce da Hausarsa ta Dagomba, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kayan bai da laifi, mai wanki ne ya yi laifi. Ya zaunar da ni a benci ya koya mini. A manne ta kafin a sa a ruwa. A wanke da hannu, ruwan kada ya yi zafi. A shanya a inuwa tana manne. Dutsen guga kuwa ko kusa kada ya je, domin roba ce, zafi na kwantar da ƙayoyin, in sun kwanta kuma ba sa sake tashi. Na dawo gida da kunya, amma na riƙe karatun.

Duk da haka datti ba ya rasa hanyar shiga. Ƙarangiya kwaɗayayya ce, duk abin da ya gifta sai ta cafke: zaren darduma, gashin gemun Baba, ɓarɓashin goro, audugar katifa, har gashin kyanwar maƙwabta da ke kwana a kan igiyar shanya. Sai na ware mata ranar Alhamis bayan la'asar, saboda kayan Juma'a su kasance a shirye. In zauna a gindin darbejiya da wandunan a cinya, da kibiyar kitson innarmu, da tsohon burushin haƙori, da ƙaramin almakashi. Da kibiyar nake bin layin ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya ina ɗago zaren, kamar ana tsefe kan yarinya mai tsoron zafi. Sannan in share da burushi ta gefe guda, kada in yi gaba in yi baya. Ɓarin mai laushi ba a tsefe shi, sai dai a aske gashin da ya yi tsiri da almakashi. Aikin minti arba'in ne in ba a yi mini sallama ba, kuma yana cin ido. Tabarau na farko da na sa a rayuwata saboda shi ne.

In na gama sai gwaji, kuma gwajin da kunne ake yi. In manne, in danna da tafin hannu, in ja. Mai lafiya kuka take yi mai kaifi, har kaji su ɗaga kai. Wadda ta gaji sai ta yi wani fus, kamar an hura wuta. Baba yana kan kujerarsa a bakin ɗaki da carbi, ido a rufe kamar ba ya tare da ni, amma in na ja sai ya ce, wannan ta yi kuka, ko ya ce, wannan da saura. Bai taɓa kuskure ba. Wani lokaci da gangan nake jan wadda ban gama ba, in ga ko zai kama ni, sai ya ce ba da shi za a yi wannan wasan ba, shi da ke gane saniya mai ciki daga tafiyarta. Ban san wani lokaci da muka fi kusa da juna ba kamar waɗannan Alhamis ɗin. Sama da shekara biyu muka yi a haka, kuma Juma'a ɗaya ba ta wuce shi ba.

Sai bikin babbar 'yar yayana ya taso. Aka ce a nan gida Tamale za a ɗaura, a masallaci bayan sallar Juma'a, kuma Baba ne zai ba da ita da bakinsa. Ya yi murna ƙwarai. Tun saura sati biyu ya sa na fito masa da farar shaddarsa, riga da wando, wadda ita ma tela ya gyara mata ƙugu. Na wanke ta a manne, na shanya a inuwa, na goge jikin a hankali na tsallake ƙugun, na ninke na ajiye a kan akwati.

Ranar Talata yayana ya iso da mota da iyalinsa da kaya niƙi-niƙi. Ba zan ce ba ya son Baba ba, ƙarya ce in na faɗa. Ya rungume shi har da hawaye. Amma irin son nan ne na wanda bai taɓa zubar da fo ba, mai zuwa da turare ya tafi kafin turaren ya ƙare. Ranar Laraba ina kasuwa ina sayen kayan miya, ya shiga ɗakin Baba ya ga shaddar, bai ga tana sheƙi yadda yake so ba, ya sa ta a mota ya kai wa masu wanki da bugu a Nyohini. Wanda ya san shadda ya san abin da ake mata a can. A tsoma ta a sitaci, a shimfiɗa a kan gungume, ƙarti biyu su yi ta dukanta da taɓarya har ta yi ƙyalli, a bi da dutsen guga mai gawayi. Haka ake girmama babban mutum, kowa ya sani, kuma ba wanda zai ce ya yi laifi.

Da na dawo na ga babu kayan, na same shi a tsakar gida cikin matan da suka zo aikin biki, na ce masa a hankali wandon nan ba a kai shi wurin bugu. Ban kai ga faɗin dalili ba ya katse ni.

"Ke kina cikin gidan nan, amma dubi yadda olman ke fita, riga a yamutse kamar ba shi da kowa. Mutane na gani paa. Bar ni in gyara abin da kika kasa."

Wata cikin matan ta sunkuyar da kai cikin turmi, wata ta ce mini in yi haƙuri ai babba ne. Na tsaya da kwandon tumatir a hannu. Shekara biyu na idona da bayana, ya share su da magana ɗaya a gaban mutane, kuma ko sau ɗaya bai taɓa tambayar yadda mahaifinsa ke sa wando ba. Da na buɗe baki a lokacin da an ji mu a bakin titi. Na haɗiye na wuce madafa. Ranar Alhamis na zauna a gindin darbejiya na tsefe sauran wandunan uku, waɗanda ba wanda zai sa ranar bikin, ina caka kibiyar kamar da su nake faɗa.

Da hantsin Juma'a aka kawo shaddar a leda. Gaskiya ta yi kyau, tana ɗaukar ido, ƙamshin sitaci ya cika ɗakin. Baba yana zaune a bakin ƙofa daga waje ana masa aski. Na shiga na ɗauki wandon, hannuna da kansa ya tafi ƙugun don ya saba. Ƙayoyin sun kwanta sun yi sumul, gefe ɗaya ma ya narke ya yi ƙyalli, sitaci ya daskare a tsakanin abin da ya rage. Na manne, na danna, na ja. Ko fus ɗin kirki ba ta yi ba.

A cikin gwangwanin ɗinkina akwai ragowar sabuwar ƙarangiya da tela ya ba ni saboda irin wannan rana. Akwai allura, akwai farin zare, kuma saura awa biyu a tafi masallaci. Aikin rabin awa ne. Na san haka sarai a lokacin, ba daga baya na tuna ba. Amma na ninke wandon yadda aka kawo shi, na ɗora a kan gado, na fita.

Ga lissafin da zuciyata ta yi mini. Baba zai sa, ya ji ta ƙi kamawa, ya kira ni. In shigo, in kira yayana, in nuna masa a gaban matan nan abin da gyaransa ya yi. Sannan in zauna in ɗinke cikin natsuwa, kowa yana jirana, motar ma tana jirana. Ban so komai ya sami Baba ba, Allah ne shaida. Rabin awa kawai nake so a san ni ce. Na tsaya a bakin madafa ina juya miya, kunnena yana ɗakin.

Bai kira ba. Ya fito cikin farar shadda da hula da sanda, gwiwar hannunsa ta hagu a ɗan matse da ƙugu, mata suna ta yaba shi, yayana yana washe baki yana buɗe masa ƙofar mota. Sitacin ne ya ɗan riƙe ƙarangiyar, na gane daga baya. A nan ma da na yi magana da an tsaya. Na ce a raina tunda ta kama a ɗaki wataƙila ta kai shi ta dawo da shi. Na bar motar ta tashi.

Ban ga abin da ya faru ba, mata ba sa zuwa wurin ɗaurin aure, tsohon abokinsa ne ya gaya mini daga baya da na matsa masa. An idar da salla, Baba ya yi ta a kujera kamar kullum. Aka kira waliyyin amarya. Ya ƙi a kama shi, ya miƙe da kansa, ya nufi gaban liman ta tsakiyar jama'a. Hannun da ke matse ƙugun shi ne mai riƙe sanda, dole ya sake ɗaya. Taku na huɗu wandon ya sauka har idon sawu, ya harɗe ƙafar da yake ja, ya kifa da fuska, rigar ta tattare a bayansa. Mutanen kara duk suna wurin, da makiyayan da suka zo daga nesa saboda shi. Ba wanda ya yi dariya, in ji tsohon. Wani ya yi sauri ya jefa masa rawani, aka ɗaga shi, wani ya durƙusa ya jawo masa wandon ya riƙe da hannu. A haka ya ba da jikarsa, wani mutum na riƙe da ƙugunsa.

Da suka dawo yayana ya shigo yana huci, yana cewa wane irin sakarci ne a sa wa babban mutum roba a wando kamar jariri, me ya sami zariya da iyaye da kakanni suka sani. Matan suka taya shi. Ban ce komai ba, wannan karon ba don haƙuri ba. Ranar Lahadi ya kwashe iyalinsa ya koma Kumasi, kuma har yau in zancen ya taso haka yake ba da shi, laifin roba ne da tela da ni da na kai. Ban taɓa gyara masa ba. Ina jin haushinsa har gobe, amma na san wanda ya shiga ɗakin nan da hantsi.

Tun yammacin ranar na farke ƙugun na ɗinka sabuwa. Na kai wandon ɗakin Baba, yana kwance ya juya wa ƙofa baya, goshinsa da kumburi. Na durƙusa na ce ga shi na gyara, na manne na ja don ya ji. Ta yi kuka mai kaifi, irin wanda yake so. Bai ce ta yi ba, bai ce da saura ba. Ya yi magana bai juyo ba.

"Na ji shigarki ɗazu da safe, ana mini aski. Na kasa kunne, ban ji kukanta ba. Da na zo sawa ma na ji ta sake-sake. Sai na ce tunda kin duba kin mayar kin ajiye, to lafiyarta ƙalau, kunnena da hannuna ne suka tsufa."

Babu faɗa a muryarsa. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Na buɗe baki in ce ban duba ba, in ce sauri nake, ƙaryar ta ƙi fitowa, gaskiyar ma ta ƙi. Ban sani ba ko ya gane, har ya koma ga Allah bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa samun ƙarfin tambayarsa ba.

Washegari ya ce in cire ƙarangiyar daga dukkan wandunan in mayar da zariya. Na roƙe shi, na ce sabuwa ce, na ce zan riƙa gwadawa a gabansa kullum. Ya ce a mayar da zariya. Na zauna a gindin darbejiya na farke su ɗaya bayan ɗaya da kibiyar da nake tsefe su da ita. Bai sake taka ƙofar gida ba, Juma'a ma a ɗaki yake yin azahar. Wata goma sha ɗaya ya ƙara a duniya, kuma kowace safiya nakan durƙusa in kau da kai in ɗaura masa zariya, shi yana kallon rufin ɗaki. Kofin ruwan da nake ajiye masa da safe, haka nake ɗauke shi da la'asar a cike.